Keken Baba da Iskar Rana

Babanmu yankan ciyawa ne aikinsa, amma kada ka kuskura ka faɗa masa haka. In aka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara zaman hula ya ce, "Muna binciken rana." Su da wa? Shi da masanan wata cibiya da ke bayan gari, inda aka ɗauke shi aiki tun ina goye. Unguwa ta raɗa masa Wakilin Rana don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Mu 'ya'yansa mun sha karatu har ya ishe mu. Da an ajiye kwanon abinci sai ya fara: "Ku kuna ganin sama kamar fanko ce. To ba fanko ba ce! Rana tana huro wata iska, ba irin mai kaɗa zani a igiya ba, ta ƙananan ƙwayoyi ce masu lantarki a jiki. Ita kuma duniya ƙaton maganaɗisu ce, shi ke tare mana iskar nan kamar laima. Ranar da rana ta fusata ta huro da ƙarfi, sai rediyo ya shaƙe, taswirar waya ta kai ka gidan da ba ka nufa ba, har taransifoma kan ƙone. Abin da muke aunawa ke nan."

Mama ta ce, "Kai da me kake aunawa, da lauje?"

"Ke dai ƙaro miya," in ji shi.

A tsakiyar filin cibiyar akwai ɗan ɗakin katako, ko ƙusar ƙarfe ɗaya babu a jikinsa. A ciki na'urar auna maganaɗisun duniya take, tana aika wani layi zuwa kwamfutar ofis. In iskar rana ta taɓa laimar, sai layin ya motsa. Doka ɗaya ce: kada ƙarfe ya kusanci ɗakin. Baba kuwa ya riƙe dokar nan da gaske. Lauje, makullai, har bel ɗin wandonsa, duk a gindin bishiya yake barinsu, ya ƙarasa yana riƙe da wando da hannu ɗaya yana tuge ciyawa da ɗayan.

Sai dai yana da keke, Dogon Zamani, wanda ya girme ni. Sirdinsa tsumma, birkinsa tafin ƙafar Baba. Wata rana zafi ya fasa masa taya a bakin ƙofa inda ake ajiye shi, ran Baba ya ɓaci, ya shiga neman inuwa. Ya samu kuwa, a bayan ɗakin katakon, inda ba a hangowa daga ofis. Shi a wurinsa keke ba ƙarfe ba ne, ƙafa ce.

A lokacin an kawo wata sabuwar mai bincike, Baba yana ce mata Dakta Ƙarama. Yarinya ce mai ladabi, ita ke ajiye masa shayi. Ita ta lura layin yana tsalle kowace safiya, ya tsaya a sama har yamma, sannan ya sauko. Asabar da Lahadi kuwa shiru. Ta bincika wayoyi, ta zargi janareta, ta rasa dalili, har ta fara shirin kai maganar gaban manyan masana a wani taro. Baba ya dawo gida yana fankama. "Mun gano wani abu! Ashe rana ma tana hutun ƙarshen mako."

Ana saura 'yan kwanaki taron sai sarƙar Dogon Zamani ta tsinke, Baba ya tafi aiki a bas. Ya tarar da Dakta ta yi tagumi. "Baba, yau layin ko motsi," in ji ta. Ya ce ta yi haƙuri, wataƙila ranar ce ba ta jin daɗi.

Da yamma ya biya wurin mai gyaran keke, inda ya bar Dogon Zamani. Mai gyara yana da wani maganaɗisu na tsohuwar sifika da yake tsince ƙananan ƙarafa da shi in sun zube. Ya zo ajiyewa, abin ya kuɓuce masa ya manne a jikin Dogon Zamani, ƙwas! Baba ya zaro ido.

"Kai, wannan keken ƙarfe ne?"

"A'a Baba, da rake aka yi shi."

A ranar, Wakilin Rana ya kasa cin abinci. Ban taɓa ganinsa cikin tsoro irin haka ba, wallahi ya ba ni tausayi. Ya karya dokar da ake kora a kanta, ga mu tuli a gabansa, ba shi da wani aikin. Mama ta ce, "To ka daina jingina shi kawai ka ja bakinka, wa ya gan ka?"

Ya ce, "Ita kuma yarinyar mutane ta je gaban manya ta karanta musu kekena?"

Washegari ya turo keken har ofis, ya cire hula, ya ce, "Dakta, ga ranar taki na kawo miki." Ta kalle shi, ta kalli keken. Ta sa shi ya je ya jingina shi inda ya saba, layin ya yi tsalle. Ya janye, layin ya sauko. Ta yi dariya har da hawaye, Baba ya ce ba duka hawayen ne na dariya ba, don aikin watanni ne ya bi ruwa. Shugaban cibiya ya ce sai an kore shi. Dakta ta tsaya kai da fata, ta ce da mutumin nan ya yi shiru da ita za a yi wa dariya a bainar jama'a. Aka bar Baba, aka hana Dogon Zamani wuce ƙofa. Rana ta koma aiki har Asabar da Lahadi.

Ka ce ya ji kunya? Ina! Sati bai zagayo ba ya fara ce wa 'yan unguwa, "Na'urar da ke jiyo rana daga can sama, ita ce ta jiyo kekena."

Shekaru suka ja, Dakta Ƙarama ta zama shugabar cibiyar, Baba ya tsufa. Ranar da zai ajiye aiki na raka shi. Ta fito da kanta ta buɗe ƙofa ta ce, "Baba, shigo da shi. Ka jingina mana sau ɗaya, mu san ka zo." Ya tura keken a hankali har bayan ɗakin katako. A hanya ya tsaya a gindin bishiya ya cire bel ɗinsa, don doka doka ce. Muna ofis muka ga layin ya yi tsalle, ya ɗan tsaya, ya sauko. Dakta ta buga mana shi a takarda.

Baba ya rasu bara. Takardar tana rataye a ɗakin Mama, kuma duk baƙon da ya tambaya ko mene ne wannan zane, sai ta ce, "Aikin maigidana ne, rana suke bincike."