Gwiwar Jimina

Shekara talatin da huɗu Tartsatsi ya yi yana walda a rumfa guda a bakin titi, daga ƙofofi sai tagogi sai gadajen ƙarfe. Laƙabin ba na sana'a ba ne kawai, har da saurin fushi. Ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya sha wannan labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne tun bara yake gani dishi-dishi. Autarsa ta lura, ta yi ta fama da shi ya je asibiti, shi kuwa ya ce ta ji da karatunta.

Ana nan sai wata malama mai ƙera mutum-mutumi ta kawo masa aiki: jimina ta ƙarfe, tsawon mutum uku, tsaye da ƙafa ɗaya. Za a kafa ta a lambun tsakiyar gari tare da ayyukan wasu, jama'a su zo kallo. Nauyin tsuntsuwar duka yana kan haɗi guda, a gwiwa. Ranar da ya yi haɗin bai ga layin sosai ba, hannu ne ya yi aikin, ido ɗan rakiya. Girman kai ya hana shi faɗa, har aka ɗora ta a mota aka tafi.

Ana gobe buɗe lambun aka yi ruwa da iska har kwanon rumfarsa ya yaye. Tsoro ya kama shi na gaske, kada haɗin gwiwar ya saki. Da safe ya jefa sifana a aljihu ya ce, "Auta, tashi ki raka ni kallo."

"Baba, kai da ka ce kallon ƙarfe aikin marasa aikin yi ne?"

"To yau ba ni da aikin yi."

Lambun ya cika maƙil. Ga wani ƙaton kifi na kwalabe, ga hannun siminti ya fito daga ƙasa, ga kujerar da ko biri ba zai iya zama a kai ba. Mutane sai ɗaukar hoto suke. Tartsatsi bai ko waiga ba. Jimina tana tsaye, amma 'yan makaranta sun kai ashirin zaune a inuwarta, malamarsu tana yi musu bayani. In gwiwar ta saki, a kansu za ta faɗo. Ya tsallake igiyar da aka kewaye ta da ita.

"Baba, ba a taɓawa!" in ji mai gadi.

"Yi haƙuri, malam," in ji Auta, "shi ya haɗa ta."

Tartsatsi ya miƙa hannu ya bi haɗin da babban yatsa, ya zagaye shi kaf. Sumul, ba rami, ba tsaga. Ya fito da sifana ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, don ƙarfen da ya tsage ba ya amo. Gwiwar ta amsa tangaran, ƙarar ta haura har wuyan tsuntsuwar, yara suka yi ta dariya. Ya sake bugawa, don daɗin ji kawai. Sannan ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa yana hamdala. Bai taɓa jin sanyi a ransa irin na wannan safiya ba.

Auta ta tsuguna kusa da shi. "Baba, ka ga yadda malamar da ta kawo aikin ta yi mata gashin ido da cokula?"

Ya ɗaga kai. Wani baƙin abu kawai ya gani a sama.

"Ban gani ba, Auta. Tun bara ba na gani." Ya juya sifanar a hannunsa. "Wannan karon Allah ne ya rufa asiri. Wace rana kika ce likitan ido yake zama?"

"Litinin."

"To, Litinin ɗin. Yanzu gaya min, yaya fuskar tata take?"