Kawu Illa da Zafin da Ake Zubarwa

Duk wanda ya zauna Akokan ya san Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata, ba ya wuce abu mai zafi bai ɗora masa tafi ba. Murfin mota ne, butar shayi ce, sai ya taɓa ya girgiza kai ya ce, "Lantarki ne wannan muke bai wa iska sadaka." Tun da ya bar aikin wayar lantarki a ramin ma'adinai abin ya zame masa ciwo.

Da sababbin kamfanonin uraniyom suka cika gari, kowa na neman aiki, shi bola ya bi. Yana farke matattun firigon mota, wato ƙananan firij, yana ciro wasu 'yan faifai kamar biskit, wai in gefe ɗaya ya ji zafi ɗayan ya ji sanyi sai su ba da wuta. To su a miƙe suke, tukunya kuwa da tumbi. Sai ya sa guduma ya baje gefen tukunyar matarsa, Inna Hajo. Da ta tayar da ƙura ya ce ta yi haƙuri, wata rana za a yi su da roba mai laushi, a naɗa wa tukunya kamar rawani.

"To jira ranar," in ji ta. "Tukunyata ba ta ce maka tana neman sarauta ba."

Ina! Silifas ɗinsa ya narka don gwaji, wari ya turnuƙe unguwa har soja suka leƙo. Ranar ba takalmi ya tafi sallar azahar, yana tsalle a rairayi yana faɗan asarar zafin da ke gasa shi.

Ni ma da ni ake dariyar, har ranar da aka ce nakiya ta tashi da wata mota cikin ayari a hanyar Agadas. Lokacin tawaye ne, mijina Sule direba yana cikin ayarin. Wutar gari ta ɗauke, salulata ta mutu, masu injin wuta ba su da mai. Tsoro ya hana ni ko kuka.

Kawu ya hura gawayi, ya manna faifansa a jikin tukunyar nan, ya rufa musu jiƙaƙƙen rawaninsa, ya jona wayarsu da salulata, ya miƙo mini mafici. Inna Hajo da kanta take yayyafa ruwan tulu. Tun hantsi muke fifita, sai wajen la'asar salular ta farka. Na kira, Sule ya ɗauka. Yana raye.

Sai Kawu ya karɓe salular.

"Sule, zafin bututun motarka, wa kake bar wa?"

Ya juya mana baya yana share ido, wai hayaƙi ne. Gawayin kuwa ko hayaƙi ba ya yi.

Ya rasu bai ga robar tasa ba, ko da yake na ji an ce masana na can suna kanta. Kawu, yadda ka sanyaya mini zuciya ranar nan, Allah ya sanyaya makwancinka, ya haskaka kabarinka. Amin.