Famfon Janareta

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Sha'aban, shekarar da na kai izu arba'in, Malam Bukar mai gyaran kwamfuta ya yi sallama a soron gidanmu na Dukawuya da wani ɗan faifai baƙi a aljihunsa. Babu makarantar allo ranar. Na gama ba wa awaki dusa, ina fiƙe alƙaluma a gindin rijiya, sai na ji Baba yana kiran Auwalu, ɗan baffana da muka tashi ɗaki ɗaya. Na dakata ko zai haɗa da ni. Bai haɗa ba.

Kafin kwamfutar nan ta shigo gidan, ni ne na hannun daman Baba. Kakanmu, wanda ake ce wa Malam, ya bar gafaka bakwai cike da waƙoƙin wa'azi da wasiƙu na ajami, takardu warwatse da ba a ɗinke ba, gara ta fara cin gefensu. Ni kaɗai a cikin yara na iya bin kalmar da ake rubutawa a ƙasan kowace takarda don gane wadda ke biye da ita. Idan na jera daidai Baba yakan ce, "Wannan idon Malam ya gado." Da wannan maganar nake taƙama ko a filin langa. Sai aka sayo tsohuwar kwamfuta da na'urar ɗaukar hoton takarda, kuma komai nata da Turanci yake magana. Auwalu ya fi ni boko nesa ba kusa ba, saboda haka kujera ta zama tasa, ni kuwa na koma mai miƙo takarda.

A gafaka ta uku ma'ajiyar kwamfutar ta cika. Baba ya sayo babban faifan ajiya mai giga tamanin, amma ta ƙi ganin fiye da talatin da biyu. Malam Bukar ya bayyana mana cewa allon da ke cikinta, madabod, yana da wani ɗan karatu da aka zuba masa tun daga kamfani, sunansa bayos, kuma a zamaninsa ba a san faifai mai girman haka ba. Sai an goge karatun an zuba sabo daga ɗan faifan aljihunsa. Aikin minti biyu ne, amma idan wuta ta yanke a tsakiya allon ya mutu ke nan, kuma Baba ba shi da halin sayen wani. Don haka ranar Alhamis ɗin aka ƙi yarda da wutar gari, aka tayar da janareta a bayan garka. Malam Bukar ya ce Auwalu ya zauna ya danna da hannunsa don ya koya. Baba ya dube ni ya ce, "Kai Habu, je ka tsaya wajen inji, kada awaki su taɓa waya."

Na tsaya cikin hayaƙi, tsakanin turke da bango. Ta taga ina jiyo Malam Bukar yana tsokanar Auwalu yana ce masa injiniya, Baba yana dariya. Shaiɗan bai zo mini da ƙaho ba, da hujja ya zo: idan kwamfutar ta mutu za a koma ga alƙalami da tawada, a nan kuwa Auwalu ko baƙi da wasali bai gama rarrabewa ba. Da na ji an ce bisimilla an danna, na kai hannu na murɗa famfon mai na rufe.

Injin bai mutu ba. Ban san yana ci gaba da shan ɗan man da ya rage a cikinsa ba. Ina tsaye ina jira, sai na jiyo Baba yana maimaita hasbunallahu a hankali. Ban taɓa jin tsoro a muryar Baba ba sai ranar. Injin ya yi tari sau ɗaya, na buɗe famfon da sauri har na ƙona hannu a jikin salansa, ya ja numfashi ya daidaita.

Da na shiga, kwamfutar ta nuna tamanin cif. Baba ya dafa kan Auwalu ya sa masa albarka mai tsawo, har da 'ya'yan da bai haifa ba. Ni ya ce in kashe inji kada mai ya ƙare. Na ɓoye hannuna a aljihu na fita.

Yau gafaka bakwai ɗin duka suna cikin wayata, ba su ci ko kusurwarta ba, kuma babu mai tayar da janareta don aikin minti biyu. Baba ya rasu bai sani ba. Auwalu ma ban taɓa gaya masa ba, ko da yake sahu ɗaya muke sallah. Na yi istigfari a kan famfon nan shekara da shekaru, ina kuma fatan an karɓa. Albarkar nan dai har gobe ina jin da ma a kaina ta sauka.