Farin Buhun da Baba Yake Ƙonewa

Jiya a Ƙanƙara na ga an yi labulen ƙofa da farin buhun tallafi, sai na tuna da Baba.

Tsohon direba ne, kowa Baba yake ce masa. Ni nake raka shi kai hatsin agaji ƙauyukan da ambaliya ta ci, alhali 'yan bindiga sun tare hanyoyi. Kafin mu tashi yakan juye masarar cikin tsofaffin buhuna masu faci, ya ƙone sababbin. Har yau ina jin ƙaurin nan a hancina. Yakan ce, "Malam, ɓarawon daji bai yi boko ba, amma ya san sabon buhu."

Ni kuwa na ga ɓarna ce. Na ɓoye ɗaya na ba wata tsohuwa a wani ƙauye bayan 'Yargoje, ta toshe rufinta.

Da muka koma, garin tsit, ko kaza babu. Tsohuwar ta tare mu, ta ce wa Baba: "Alhaji, sun ga buhun. Sun kwashe hatsin, sun ce mai motar suke jira."

Can nesa muka jiyo ƙugin babura. Amma Baba bai tayar da mota ba. Ya ce, "Kama kunnen buhun nan, Malam, mu sauke wa mutanen garin tukuna."

Muka sauke, Allah ya fitar da mu lafiya. Har ya rasu bai tayar mini da maganar buhun ba. Allah ya haskaka kabarinsa. Ku masu kai agaji, don Allah kada ku bar farin buhu a ƙauye.