Kwalekwalen da Ya Dosa Wata Giginya

A gidanmu na unguwar Adarawo, tatsuniya tana farawa ne da zarar an idar da magariba, lokacin da kakarmu, wadda muke kira Maama, take soya gyaɗa a bakin murhu. Ba ta da wani dogon buɗi. Sai ta ƙwanƙwasa kaskon da ludayi ta ce, "Ga shi nan ya iso, wanda bai zauna ba ya rasa." Hausarta ta Yola ce, mace da namiji duk "shi" ne. Ni da yayana Hamma Buba mukan yi mata dariya, ita kuma ta hana mu gyaɗa.

Akwai ɗaya da ban taɓa so ba. Wani masunci ne 'yarsa ta kwanta rai a hannun Allah, ya shiga kwalekwale zai ɗauko mai magani. Shekarar kogin Binuwai ya cika ya shafe gaɓa, sai ya hango wata giginya ya ɗauka ta garin mai maganin ce, ya miƙa mata. Ya yi ta tuƙi bai isa ba. Ya roƙi wani masunci ya shigo, suka zama biyu, suka zama huɗu, har takwas. Kwalekwale yana gudu kamar an kore shi. Can wata tsohuwa mai wanki ta gaya musu garin yana bayansu.

"Maama, ya juya?" in ji Buba.

"Kafin ka juya sai ka tsaya," ta ce. "Shi kuwa yana ganin in ya ɗaga filafili, ya kashe yarinya."

Nan take barinta. Ko kuka za mu yi ba ta ƙarawa, abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Yau ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Jimeta. Nakan zana wa ɗalibai kibiya a allo, abin da muke kira vekta: tana da tsawo, tana da inda ta dosa. Ka ninka ta da biyu ko da takwas, tsawo ne kawai zai ƙaru, inda ta nufa bai canja ba. Sai ka ninka ta da lambar da ke ƙasa da sifili sannan za ta juya baya, a kan layi ɗaya. Darasi ne mai sauƙi, amma na daina son koyar da shi.

Hamma Buba yana kasuwanci a wani gari a arewacin jiharmu lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. Jama'a suka kwararo Yola a ƙafa. Ya kira mahaifiyarmu, Dada, sau ɗaya, ya ce yana kan hanya. Daga nan wayar ta mutu. Muka bi sansanonin 'yan gudun hijira, muka bi asibitoci da tashoshin mota har Ngurore. Da ba mu gan shi ba, Dada ta ninka. Zuwan wata-wata ya koma na mako-mako, hoto ɗaya ya zama ɗari. Shekaru ke nan, duk a ɓangaren da masu gudu suka nufo.

Watan jiya wani mai sayar da takalma a kasuwar Jimeta ya ga hoton Buba a wayata, ya daɗe yana kallo.

"Adda," ya ce, yadda ake kiran babbar yaya a nan, "na san shi. Mun haɗu a hanya lokacin gudun nan, amma shi komawa yake yi. Ya ce ya bar maƙwabcinsa gurgu a ɗaki."

Na tambaye shi ko waɗanda suka koma sun fito. Ya sunkuyar da kai yana jera takalma.

Ban gaya wa Dada ba. Ina tsoro, kuma ina jin kunyar tsoron. A allo, kafin kibiya ta juya dole ta ratsa ta sifili, inda ba ta da tsawo, ba ta dosa ko'ina ba. Dada ta tsufa, neman nan ne yake tashe ta da safe. Ban san abin da zai rage mata ba ranar da ta tsaya.

Jiya Juma'a ta kira ni, ta ce ta ji an kawo sababbin mutane wani sansani, in zo da hotuna. Na tsayar da keke napep a ƙofar gidanta da maganar a bakina. Ta fito da mayafinta mai kyau, wanda take so Buba ya gan ta da shi. Na matsa gefe ta zauna, na gaya wa mai keken sansanin da za mu.