Kajin da Raɗe-raɗi Ya Cinye

A shekarun da komai na gwamnati daga Sakkwato yake zuwa mana, aka fara raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Maigidana malamin gona ne a Birnin Kebbi. Mu kuwa 'yan Filato ne, ba gona ba gidan gado, albashin nan shi ne gatanmu. In sunansa ya fito a takardar sallama, sai mu naɗe tabarma.

Ni dai Allah ya yi ni da gajen haƙuri. Ina da kaji goma sha ɗaya, na ci alwashin ba zan tafi in bar wa kowa ko gashinsu ba. Duk ranar da aka ce takarda na hanya, sai in sa a yanka guda. Wata mai kifi daga Argungu ta ce ƙanen mijinta direba ya ga takardar da idonsa, ranar zakara ya sha wuƙa. Aka yi ƙus-ƙus a zumuntar matan coci, wata kaza ta bi bayansa. Yarana uku da suka gano lagona, kullum sai su dawo daga makaranta da labari mai zafi, suna lasar baki.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa Bakabiya mai sayar da shinkafa, ta leƙo ta katanga ta ce, “Maman yara, mi kajin ga sunka yi miki? Ko su ag gwamnati?”

Maigida yakan ci naman har ya tauna ƙashi, sannan ya juyo ya yi mini wa'azi, wai mu kafa ido ga Yesu, mu bar kallon motar Sakkwato. Kullum da asuba shi ke jan waƙa, shi ke buɗe Littafi Mai Tsarki. Gaskiya haushinsa nake ji. Bakina na amin, kunnena na kan titi.

Ranar da takardar ta zo da gaske, ba wanda ya tsegunta mini. Da azahar na hango shi yana turo babur, bai hau ba. Ya zauna a bakin ƙofa, ya miƙo mini ambulan. An sallame shi. Mutumin da ya yi wata biyar yana ƙarfafa mini gwiwa, sai ga hawaye har gemu. Ya ce a tara yara a yi addu'a. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita.

Na laluba tsoron da na daɗe ina kiwo, ban same shi ba. Tausayinsa ne kawai ya cika ni. Ban taɓa jan addu'a a gidan ba, muryata kuwa ko a coci can baya ake ajiye ta. Na zare littafin waƙoƙi daga hannunsa.

“Baban yara, yau huta,” na ce masa. “Ka riƙe mu da yawa. Bari in karɓe ka.”

Na ɗauko waƙar a karkace, yara suka kama. A baiti na biyu na ji muryarsa ta shigo ƙasa-ƙasa, tana gyara mini.