Nevyana Dimcheva da Butar Tagulla

Haihuwa

An haifi Malama Nevyana Dimcheva a shekarar 1951, a ƙauyen Brezen Dol da ke tsaunukan kudancin Bulgeriya. Mahaifinta, Kiril, mai kiwon zuma ne, mahaifiyarta Stoyka kuwa masaƙiya. Rajistar coci ta ce watan Maris, maƙwabta sun ce Afrilu. An bi rajista.

Karatu da Aiki

Ta kammala kwalejin horon malamai ta Plovdiv a 1973, ta dawo makarantar ƙauyensu, wadda a lokacin take da ɗalibai ɗari da arba'in. Tun daga shekarar aka damƙa mata butar tagulla ta makarantar, wadda ake kwarara ruwa da ita a gaban yara ranar buɗe makaranta, sha biyar ga Satumba, da safiyar kowace jarrabawa, domin tafiyarsu ta gudana kamar ruwa.

Aure da Zuri'a

Ta auri Lazar, direban motar katako, a 1975. Sun haifi Rumen da Desislava. Lazar ya rasu a 1998, bayan 'ya'yan sun tafi ƙetare neman aiki.

Shugabanci da Ƙarin Horo

An naɗa ta shugabar makaranta a 1994. A 2003 ta halarci horon shugabannin makarantu na mako shida a Sofiya, inda ta koyo cewa malamai su riƙa zama a ajin juna suna gyara wa juna koyarwa. Abokin aikinta, Malam Ignat, mai koyar da lissafi, bai so ba.

"Shekara talatin ina riƙe da alli," in ji shi, "yau kuma ni za a zauna wa a baya kamar sabon direba?"

"Zauna a nawa tukuna, tsoho, ka yi gyangyaɗinka," ta ce masa.

Tsarin ya yi nasara. Ɗalibai suka fara cin jarrabawar manyan makarantun birni, iyaye kuma suka riƙa bin su da ƙannensu, ba mai dawowa.

Shekarar 2011

A wannan shekara ɗalibai sha huɗu suka rage, hukumar gunduma kuma ta sanar cewa idan suka kasa sha biyu za a rufe makarantar. Akwai yarinya mai hazaƙa, Yoana, wadda mahaifiyarta ta ƙudura komawa birni da ita da ƙannenta biyu muddin ta ci jarrabawa. Malama Nevyana kan yi mata darasi na musamman kowace Asabar.

"Ƙyale ta, Nevyana," in ji Malam Ignat. "Ba cewa na yi ki kayar da ita ba. Ki daina darasin Asabar kawai. Sha huɗu a ɗebe uku, ko sai na rubuta miki a allo?"

"Na iya lissafi, Ignat."

"To me kike yi?"

"Koyarwa."

Ta ci gaba da darasin har watan Mayu, kuma da hannunta ta kwarara ruwa a gaban Yoana. Yarinyar ta ci. An rufe makarantar a 2012.

Ƙarshen Rayuwa

Malam Ignat ya daina gaishe ta har ya rasu a 2015. Ba wanda ya karɓi mabuɗin makarantar daga hannunta. Kowace sha biyar ga Satumba takan buɗe ƙofa, ta kaɗa ƙararrawa, ta kwarara ruwa a kan matakala, sannan ta kulle ta koma gida.

Rasuwa

Ta rasu ranar sha huɗu ga Satumba, 2021, tana da shekara saba'in. An binne ta kusa da mijinta, mutum bakwai suka halarta. Ta bar 'ya'ya biyu, Rumen a Hamburg da Desislava a Valensiya, waɗanda suka iso bayan kwana biyu, da jikoki uku da ba su taɓa ganin makarantar ba. A bakin ƙofarta aka tarar da butar, an goge ta, cike da ruwa.